Tsakanin Hatimin Odita da Bakin Rami

Ranar Juma'a, 25 ga Janairun 2019, da misalin ƙarfe 12:30 na rana, ma'aikatan mahaƙar tama ta kamfanin Vale da ke Brumadinho, a jihar Minas Gerais ta ƙasar Birazil, suna ɗakin cin abinci. Ɗakin yana gindin wata madatsa da aka yi shekara da shekaru ana tara dagwalon ma'adinai a bayanta, wato lakar da ke saura bayan an wanke tama an ɗebe abin da ake so. Sai madatsar ta ɓalle, jiniyar gargaɗi kuwa ko ƙara ba ta yi ba. Laka ta binne ɗakin abincin da ofisoshi da gonaki, ta gangara kogin Paraopeba. Mutum 270 suka rasu.

Wata 4 kafin nan, a Satumbar 2018, reshen Birazil na kamfanin bincike na Jamus, TÜV SÜD, ya sa hannu a takardar da ke cewa madatsar tana tsaye daram.

Duk mai riƙe da waya a hannu, da duk mai ɗokin ranar da motar lantarki za ta maye gurbin ta fetur, ya jingina da irin wannan takarda ko bai sani ba. Kamfanin da ya ƙera wayar bai taɓa taka ramin da aka haƙo tantalam ɗin cikinta ba. Takarda ce a hannunsa, wani ya miƙo masa, shi ma wanin wani ne ya ba shi, haka har a kai ga odita ɗaya da ya buga hatimi. Shi ya sa nake ganin ya kamata a san abin da oditan nan ya gani da idonsa kafin ya buga, da wanda ya biya shi ladan aikin, da abin da zai same shi idan hatimin ya zama ƙarya.

Asalin tsarin daga gabashin Kwango ya taso. Tun a 2001 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton yadda sojoji da 'yan tawaye ke wawashe arzikin ƙasar suna rura wutar yaƙi da shi. A 2010 Amurka ta sa sashe na 1502 cikin dokar Dodd-Frank, wanda ya tilasta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jarinta su bincika ko kuza, tantalam, tungstin da zinaren da suke amfani da su daga Kwango ko maƙwabtanta suka fito. Shekara guda bayan haka ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, OECD, ta fitar da jagorarta mai matakai 5 kan bin diddigin ma'adinai, a shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam da John Ruggie ya jagoranci tsarawa. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 2017, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021.

Akwai hikima a yadda aka ɗora binciken. Ramuka ba su ƙirguwa, masana'antun da ke sayen ƙarfe ma haka, amma matatun da ke narka waɗannan ma'adinai a duk duniya 'yan ɗaruruwa ne. Kamar wuyan gora suke, duk abin da zai fita sai ya bi ta nan. Kuma da zarar an narke, magana ta ƙare, ba mai iya ware kuzar wannan rami da ta wancan. Saboda haka mataki na huɗu na jagorar OECD ya ce a matata za a kai odita mai zaman kansa. Shirin RMAP na masana'antun lantarki da motoci da shirin kasuwar zinare ta Landan, LBMA, duk a kan wannan tunani suka ginu.

To mu shiga ɗakin mu ga yadda aikin ke gudana. Odita ya iso matata, an san da zuwansa tun da daɗewa, 'yan kwanaki gare shi. An jera masa fayil-fayil a kan tebur: manufar kamfani, jerin masu kawo kaya, takardun kwastan, shaidar asalin kaya, rasitin sikeli. Ya tsamo wasu lodi ya bi takardunsu ɗaya bayan ɗaya. Ya lissafa abin da ya shiga tanderu da abin da ya fito, ya ga ko sun daidaita. Ya tambayi jami'in da aka ɗora wa aikin abin da yake yi idan ya ga alamar haɗari. In amsoshi sun zauna, lissafi ya tafi daidai, matata ta haye. Abin da wannan mutum ya tabbatar shi ne matatar tana da tsarin bin diddigi kuma tana cike takardunsa. Ramin yana can nisan dubban kilomita, bai gan shi ba, ba a kuma aike shi ya gani ba. Masu tsara shirin ba su ɓoye wannan ba, a rubuce yake. Sai dai kafin takardar ta ratsa kamfani biyar ko shida ta isa sashen talla, ta riga ta rikiɗe, daga “muna da tsarin bincike” ta koma “kayanmu ba jini a jikinsu”. Nisan da ke tsakanin maganganun nan biyu shi ne tushen yawancin matsalar.

Tunda odita a takarda ya dogara, sai a koma inda takardar farko ke fitowa. A yankin manyan tafkunan Afirka, shirin ITSCI, wanda ƙungiyar masana'antar kuza ta duniya ta kafa, shi ne ya fi yaɗuwa. A bakin mahaƙa jami'in gwamnati yana ɗora buhu a sikeli, ya ɗaure bakinsa da 'yar alamar roba mai lamba, ya rubuta a littafi sunan mahaƙar da nauyin buhun da kwanan wata. Lambar nan ita ke rakiyar kayan wurin dillali, daga nan wurin mai fitarwa waje, har matata a Asiya. Raunin abin a fili yake: alamar tana shaidar inda aka ɗaura ta ne kawai. Buhun da aka haƙo a ramin da 'yan bindiga ke karɓar haraji, a ɗora shi a babur cikin dare a kai mahaƙar da aka tantance, da safe ya sami lamba ya zama halal. Mai lura zai gane, domin mahaƙar da mutanenta ba su taka kara sun karya ba sai a ga littafinta yana nuna kayan da sai da taron jama'a za a haƙo. Amma sai wanda ya tsaya a wurin ya ƙirga mutane zai lura, shi kuwa jami'in da ke riƙe da alamomin sau da yawa albashinsa bai kai ya kawo ba, ga mai bindiga a gefe. A 2022 ƙungiyar Global Witness ta zargi shirin da zama wurin wanke haramtattun ma'adinai, ITSCI kuma ta musanta.

Rubaya ta ƙara fito da abin. Garin yana lardin Kivu ta Arewa, ana kuma ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na tantalam ɗin duniya daga tuddansa yake fitowa. A ƙarshen Afrilun 2024 'yan tawayen M23 suka kama shi. An dakatar da ɗaura alama a yankin, amma haƙa ba ta tsaya ba. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da rahoton cewa ƙungiyar na samun aƙalla dala 800,000 duk wata daga harajin koltan, ma'adinin da ake fitar da tantalam daga cikinsa, kayan kuma ana tsallaka su Ruwanda a gauraya da na can. Daga nan su fito da sabuwar takardar asali, odita a matata ya duba ya ga komai daidai.

Zinare kuwa ya fi kowa wuyar bi. Kilo guda ya shige aljihun riga, ana narka shi a bayan shago, kuma da an kira shi “tsohon zinare da aka sake narkawa” yawancin tambayoyi kan asalinsa sun faɗi. Ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta a 2024 cewa aƙalla tan 435 na zinare aka fitar daga Afirka ta fasa-ƙwauri a shekarar 2022 kaɗai, akasarinsa zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A Dubai ɗin ne kuma aka ga abin da ke faruwa idan odita ya yi aikinsa da gaske. A 2013 wata tawagar kamfanin binciken kuɗi na EY ƙarƙashin Amjad Rihan ta binciki matatar zinare ta Kaloti. Ta gano cinikin tsabar kuɗi na fiye da dala biliyan 5 a shekara guda, da sandunan zinare daga Maroko da aka shafe da azurfa don a kauce wa dokar fitarwa. Rihan ya ce maimakon a bayyana, sai aka nemi a yi rufa-rufa, shi kuma ya rasa aikinsa. A Afrilun 2020 babbar kotun Landan ta ba shi gaskiya, ta umarci EY ya biya shi kusan dala miliyan 11. Shekara 7 mutumin ya yi kafin ya ji wannan hukunci, kuma ba kowane odita ke da zuciya ko halin jure irin wannan ba.

Nan ne maganar biyan kuɗi ta shigo, ita ce kuma a ganina uwar matsalar. A kusan duk waɗannan shirye-shirye, wanda ake bincika shi ke biyan mai binciken, sau da yawa ma shi ke zaɓarsa. Kamfanin bincike ɗan kasuwa ne, yana gogayya da wasu, ya kuma san cewa wanda ya cika kayar da abokan ciniki ba a sake kiransa. Ba sai an ba shi cin hanci ba. Ya isa ya tuna kwangilar baɗi, da sauran ayyukan ba da shawara da yake yi wa kamfanin nan. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A Brumadinho, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka sa hannu ya shaida wa 'yan sanda cewa ya ji matsin lamba kan ya sa. A Janairun 2020 masu gabatar da ƙara suka tuhumi mutum 16, na Vale da na TÜV SÜD, bisa zargin sun san halin da madatsar ke ciki. TÜV SÜD ya ce ba shi da alhaki a shari'ance.

Ɓangaren muhalli ya fi wannan zama baya. Wanda ya karanta jerin haɗurran da jagorar OECD ta lissafa zai ga azabtarwa, aikin tilas, mafi munin nau'in aikin yara, tallafa wa 'yan bindiga, cin hanci, halasta kuɗin haram da ƙin biyan haraji. Ba zai ga kogi ba, ba zai ga iska ko gona ba, domin don yaƙi aka rubuta ta. Ke nan matata na iya cin jarrabawa da maki mai kyau alhali mahaƙar da ke ba ta kaya tana kashe kifin yanki guda. A Fabrairun 2025 madatsar dagwalon kamfanin Sino-Metals Leach a yankin tagulla na Zambiya ta fashe, ruwan asid ya kwarara cikin rafukan da ke shiga kogin Kafue, har aka rufe ruwan famfon birnin Kitwe. Indunusiya, wadda ke samar da fiye da rabin nikel ɗin duniya, tana narka shi ne galibi da wutar gawayin kwal a tsibiran Sulawesi da Halmahera bayan an share daji, kuma a Disambar 2023 fashewar tanderu a rukunin masana'antu na Morowali ta kashe ma'aikata 21. Haƙar zinare ta hannu ita ce babbar hanyar da zaiba ke shiga iskar duniya. Dokar batura ta Tarayyar Turai ta 2023 ta yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi, ta sa ruwa da ƙasa da iska cikin abin da za a bincika game da kobalt, litiyam, nikel da girafait, amma an ɗage fara aikin wannan sashe daga Agustan 2025 zuwa Agustan 2027.

Ko da dokar ta fara, binciken muhalli ba ya yiwuwa da ziyarar kwana uku. Guba a hankali take taruwa. Sai an san yadda ruwan rijiya yake kafin a fara haƙa, a ɗebi samfuri da damina a ɗiba da rani, a kai ɗakin gwajin da ba na kamfanin ba. Abin da aka fi yi shi ne a miƙa wa odita alƙaluman da kamfanin ya auna da kansa, ya duba ko an cike su a kan kari. Alhali mutanen da suka fara sanin ruwa ya lalace su ne masu wanki da masu kamun kifi da masu shayar da dabbobi a bakinsa, kuma su ne ba kasafai ake tambaya ba. In ma an tambaye su, a motar kamfani aka kawo oditan, tafintan ma na kamfani ne, manaja yana tsaye ba nisa. Wa zai buɗe baki?

Akwai kuma wata illa da ta fi ci mini rai, domin da kyakkyawar niyya aka jawo ta. Idan aka ce wa kamfani ya tabbatar kayansa ba su da aibi, hanya mafi sauƙi ita ce ya tattara nasa-ya-nasa ya bar yankin. Haka aka yi bayan dokar Dodd-Frank. Shugaba Joseph Kabila ya haramta haƙa a lardunan Kivu biyu da Maniema daga Satumbar 2010 zuwa Maris 2011, manyan masu saye suka janye, masu haƙa da hannu suka rasa abin kai wa bakin salati, kayan kuma suka koma hannun 'yan fasa-ƙwauri a farashin wulaƙanci. A 2024 ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya ce bai ga shaidar cewa dokar bayyana asalin ma'adinai ta rage tashin hankali a gabashin Kwango ba. A Disambar shekarar gwamnatin Kwango ta shigar da ƙara kan rassan Apple a Faransa da Beljiyam, kamfanin ya musanta zargin, ya kuma ce ya riga ya umarci masu kawo masa kaya su daina saye daga Kwango da Ruwanda. Littafinsa ya tsarkaka da wannan mataki, amma mai haƙa a Masisi, yankin da Rubaya take, bai ƙaru da komai ba. Jagorar OECD kanta ta fi son a zauna a gyara, sai in ta'asar ta yi muni ne ake yanke hulɗa nan take, amma zama a gyara yana cin kuɗi da lokaci, gudu kuwa kyauta ne.

Haka labarin yake a kobalt. Kwango ce ke samar da fiye da kashi 70 cikin 100 na duniya, akasarinsa kuma a Sin ake tace shi. Bayan rahoton Amnesty International na 2016 kan yara a ramukan kudancin ƙasar, kamfanoni da dama suka ce su daga manyan mahaƙu kawai suke saye. Masu haƙa da hannu ba su ɓace ba, buhunansu na ci gaba da bin rumfunan dillalai a gefen birnin Kolwezi suna haɗuwa da sauran kaya. Su kuma manyan mahaƙun da aka gudu wurinsu, a 2023 Amnesty ta zarge su da tashin unguwanni da ƙauyuka da ƙarfi don faɗaɗa haƙa. An gudu ba a tsira ba. Ga kuɗin ɗaura alama da na tantancewa, wanda a ƙarshe daga farashin da ake biyan mai haƙa yake fita. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a watsar da binciken. Kafin 2010 kamfanonin lantarki da yawa ko sunan matatun da ke ba su ƙarfe ba su sani ba, yau ana da jerinsu, kuma wannan jeri ne 'yan jarida da lauyoyi ke bi su kama zaren. Akwai ma shirin da ya nuna ana iya yin abin da ya fi haka. IRMA, ƙungiyar tantance mahaƙu da ta fitar da mizaninta a 2018, a mahaƙar kanta take bincike. Kujerun hukumarta an raba su daidai tsakanin kamfanonin haƙa, masu saye, masu zuba jari, ƙungiyoyin ƙwadago, ƙungiyoyin farar hula da al'ummomin da abin ya shafa. Ana sanar da zuwan masu bincike don duk mai ƙorafi ya kawo, ana ganawa da ma'aikata da mazauna ba tare da manaja ba, sannan a wallafa cikakken rahoto har da inda kamfani ya gaza. Mahaƙar Unki ta Anglo American a Zimbabuwe na cikin na farko da suka fitar da irin wannan rahoto, a 2021, daga baya mahaƙun litiyam na hamadar Atacama a ƙasar Chile suka biyo. Amma mahaƙun da suka shiga kaɗan ne, manya ne, da son ransu suka shiga, kuma har yanzu su ke biyan kuɗin binciken.

Abin da nake ganin zai sauya lissafi shi ne a raba aljihun odita da hannun wanda yake bincika, a tara kuɗin a asusu guda, wata hukuma ta daban ta riƙa tura wanda ta ga dama a lokacin da ta ga dama. Rahoto kuma a fitar da shi a harshen mutanen da ke zaune a gindin madatsar, su karanta su ce nan gaskiya ne, nan ba haka ba. Sannan doka ta daina ɗaukar satifiket a matsayin garkuwa. Faransa ta yi dokar sa ido kan manyan kamfanoninta a 2017, Jamus ta fara aiki da tata a 2023, Tarayyar Turai ta zartar da babbar dokarta a 2024, sai dai tun a 2025 aka shiga ɗage ta da rage mata ƙarfi da sunan sauƙaƙa wa 'yan kasuwa. Tsorona shi ne a wayi gari kamfani ya nuna hatimin wani shiri, kotu ta ce ya sauke nauyi.

Shi ma oditan, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Likita da injiniyan gada suna amsa tambaya idan sa hannunsu ya yi kisa, amma har yau da wuya mutumin da takardar shaida ta cutar ya iya jan wanda ya buga ta zuwa kotu, domin ba da shi aka ƙulla kwangilar ba. Wannan ƙofa ce mutanen Brumadinho suka je suna bugawa. Vale ya amince a 2021 zai biya jihar Minas Gerais fiye da riyal biliyan 37 na kuɗin Birazil, amma ƙaramar hukumar garin da dangin wata injiniya da laka ta binne sun tsallaka teku har Munich, inda hedikwatar TÜV SÜD take. A Satumbar 2021 kotun ta fara sauraronsu, kuma abin da suka nema ta yanke shi ne ko uwar kamfanin da ke Jamus za ta ɗauki alhakin sa hannun da reshenta ya yi a Birazil wata 4 kafin madatsar ta ɓalle.